Ruwa Kafin Wuta: Lissafin Wani Malami da ya Ƙaura Bayan Garin Damagaram

A Turai da Amurka, ƙaura zuwa gidan da ba ya haɗe da layin lantarki ko bututun ruwan hukuma zaɓi ne na wanda birni ya gundura. A Jamhuriyar Nijar lamarin ya sha bamban. Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake samun wutar lantarki, wadda ƴan ƙasar suka fi kira kuran, a karkara kuma rabon ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ke nan mafi yawan jama'a a irin wannan gida aka haife su, a cikinsa suka girma, ba su kuma taɓa ba shi wani suna na dabam ba. Wanda abin yake zame wa baƙo shi ne ɗan birni, ma'aikacin da ya saba da murɗa famfo da danna makunni da jiran takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata, sannan tsadar haya ta tura shi bayan gari, inda turakun wuta ba su kai ba. Irin wannan mutum yakan tashi da buƙatun birni zuwa wurin da babu mai biya masa su sai shi da kansa.

Akwai wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare ta Damagaram da ya yi irin wannan ƙaura. Ya haura shekara ashirin yana zaman haya a cikin gari, shi da mai ɗakinsa da ƴaƴa biyar da mahaifiyarsa, mutum takwas ke nan a ɗaki uku. Ya daɗe da sanin cewa albashin malami ba zai saya masa fili a tsakiyar gari ba, don haka idonsa yana kan wata gona da ke gefen hanyar Mirya, kusa da wani ƙaramin ƙauye. Abin da ya hana shi motsawa shekara da shekaru shi ne rashin wuta a wurin, domin tsohuwar tana fama da ciwon suga, kuma allurar insulin da take yi ana son ajiye ta cikin sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai kuma wuce digiri 8 ba. A gidansa firji ba kayan ado ba ne.

Sai ga shekarar 2023. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take turowa a farkon watan Agusta, alhali a lokacin daga wajenta ƙasar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da take amfani da shi. Damagaram da Maraɗi, waɗanda layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa yake ciyarwa, sun ji a jikinsu, kuma wutar ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni malamin ya riƙa yawon neman ƙanƙara yana zubawa a kula domin maganin mahaifiyarsa. A nan tunaninsa ya juya. Ya ga cewa abin da yake biya wa haya mai tsada domin ya zauna kusa da shi yana iya gushewa dare ɗaya saboda shawarar da aka yanke a wani birni mai nisa. Rana kuwa, wadda kowa ke kuka da ita a Damagaram, babu mai iya rufe ta.

Da ya kawo wa mai ɗakinsa maganar, ya zo da takarda cike da lissafin faifan sola da batir. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce: "Malam, na ji zancen wuta. To ruwan fa, wa zai ɗebo?" Wannan tambaya ita ta tsara duk abin da ya biyo baya. Mace ta san cewa duk aikin da famfo ya daina yi, a kanta da kan ƴaƴanta mata yake faɗawa, ko da ba a rubuta shi a takardar maigida ba.

Takarda kafin tubali

Kafin ruwa ma akwai ƙasar kanta. Gonar bayan gari sau da yawa gonar gado ce, kuma wanda ya zo sayarwa yana iya zama ɗaya daga cikin magada goma, sauran suna Kano ko Agadas ko Libiya ba su san ana ciniki ba. Tun shekarar 1993 Nijar take da dokar karkara wadda ta kafa hukumomin kula da filaye a matakin ƙauye da gunduma da jiha, kuma a gabansu ake tabbatar da saye a ba da takardar shaida. Malamin bai biya ko dala ba sai da aka zauna a zauren mai gari, da liman da magadan da ke kusa, waɗanda ke nesa kuma aka kira su a waya kowa ya ji amincewarsu da kunnensa.

Abu biyu ya tambayi dattawan ƙauyen, waɗanda takarda ba ta faɗa. Na farko, ko burtali ya ratsa wurin, domin wanda ya yi gini a hanyar dabbobi ya sayi rigima da makiyaya ta kowace shekara. Na biyu, ina ruwa yake bi idan an yi mamako. Fili a watan Maris duk ɗaya yake, busasshe, shimfiɗaɗɗe. Sai a watan Agusta ake sanin kwari da tudu. Ya jira damina guda, ya je ya tsaya a gonar bayan ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ya kwanta da inda ya zarce, sannan ya kafa turakun gini a gefen da ya fi tudu. Daminar 2024 ta nuna amfanin wannan haƙuri, domin a farkon Satumbar shekarar ne tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe saboda yawan ruwa, ban da gidajen talakawa masu ɗimbin yawa.

Lissafin ruwa

Ƙishirwar Damagaram tsohon labari ce. Garin yana zaune ne a kan dutse, irin duwatsun da ake gani sun yi curi-curi a tsakanin unguwanni, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake turo wa garin ruwa, daga wurare irin su Gogo da Macaya da Arunguza. Saboda haka wanda ya ce zai haƙa rijiyar burtsatse, wadda a Nijar ake ce wa foraj, a bayan wannan gari, tilas ya fara kiran masu auna ƙasa. Injin haƙa kuɗinsa yake karɓa a kan kowace mita, ko an tarar da ruwa ko an tarar da ƙura.

Masu awo sun gaya wa malamin cewa samun ruwa a filinsa ba tabbas. Wani tsohon mahaƙin rijiya na ƙauyen ya faɗa masa haka tun kafin su zo: "Ɗana, nan wurin mun gwada tun ina saurayi, dutse ne. Ruwan yana can gangare." Sai ya haƙura da rijiyar kansa, ya koma ga alƙalami.

Mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a yini domin sha da girki da ɗan tsafta shi ne wajen lita 20, wato bai ma kai cikin jarka mai lita 25 ba. Mutum takwas, lita 160 ke nan a yini, lita 58,400 a shekara, ba a sa wankin kaya mai yawa ba, ba a sa akuya ko shuka ba. A ɗaya gefen kuma akwai sama. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da lita ɗaya cif. Damagaram takan sami kimanin milimita 400 a shekara, wata shekarar fiye, wata ƙasa da haka. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 zai tara lita 40,000. Idan aka cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake fantsama da wanda ake zubarwa, saura lita 32,000, ruwan kwana 200 ke nan ga gidan.

Amma lissafin yana da ƙugiya. Duk wannan ruwa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, don haka abin da za a mora bayan damina bai wuce girman mazubin da aka tanada ba. Ƙarfin malamin ya tsaya a kan tankin siminti na cikin ƙasa mai cin lita 20,000. Idan ya cika a ƙarshen Satumba aka fara sha daga ranar, kwana 125 zai yi, wato ya ƙafe a farkon Fabrairu, daidai lokacin da zafi yake shirin shigowa. Mai ɗakinsa ce ta juya tsarin. Ta ce a kaka da lokacin ɗari ruwa yana da sauƙin samu, layi a bakin famfon ƙauye gajere ne, mai amalanke ba ya ja wa kowa rai. A sayi ruwa a lokacin, a rufe tankin da kwaɗo, kada a taɓa shi sai bazara, sa'ad da ganga take tsada kuma a wuni ana jiran ta. Haka aka yi. Sun yi yarjejeniya da wani mai amalanken shanu yana kawo musu ganga mai lita 200 kullum daga famfon gangare, ana biyansa a ƙarshen mako, babu yarinyar da ta ɗora jarka a ka.

Ruwan rufi yana da ƙa'idodinsa. Ruwan farko na kowace damina, da na mintunan farko na kowane ruwa, wanke rufi yake yi daga ƙura da kashin tsuntsaye, don haka ana karkatar da shi waje. Tankin yana buƙatar murfi mai kyau da raga a bakin bututu, in ba haka ba mutum ya gina wa sauro gida a tsakar gidansa, ga kuma haɗarin faɗawar yaro. Wanda za a sha kuwa sai an tafasa ko an saka masa ƙwayar kulorin. Shadda kuma aka haƙa ta can ƙasa da tankin ta gefen gangare, da tazarar da ta kai mita 30, kamar yadda ake yi tsakaninta da rijiya.

Gini shi ne fanka ta farko

A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40. Ɗakin bulo mai siririn bango da rufin kwano ba silin tanda ne. Mai shi zai kwana da fanka uku yana gumi. A cikin gari ana rufe wannan aibi da lantarki. A bayan gari duk zafin da gini ya bari ya shigo, da batir za a kore shi, batir kuwa shi ne mafi tsadar kayan sola. Wannan ya sa malamin ya gane cewa kuɗin da aka kashe a kaurin bango ragi ne daga kuɗin wuta na shekaru masu zuwa.

Maginan Birni da Zango sun san wannan tun kafin a haifi lantarki. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya raba, lokacin da mutane suke kwance a tsakar gida. Rufin soro, na azara da ƙasa, haka yake yi. Sai dai a nan buƙatu biyu suka yi karo. Soro yana ba da sanyi, amma ruwan da yake zubowa daga indararonsa jajawur yake da laka. Kwano yana ba da ruwa mai tsafta, amma yana dafa mutane. Ga shi kuma azarar giginya ta yi wuya ta yi tsada.

Mafitar ita ce rufi biyu. Aka yi ɗakuna da bangon ƙasa da rufin ƙasa mara nauyi sosai, sannan aka ɗaga rumfar kwano a samansu a kan ƙarafa, da tazarar da iska take ratsawa. Kwanon yana tare rana kafin ta taɓa ƙasar, yana kare yaɓe daga dukan ruwa, yana tara ruwan tanki, a kansa kuma aka ɗaura faifan sola. Dabara ce da maginin nan ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya shahara da ita tun daga makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, shi ne kuma ya karɓi lambar yabo ta Pritzker a 2022. Abin kiyayewa a nan shi ne ɗauri. Guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, kuma rumfar da iska ke shiga ƙarƙashinta tana iya tashi sama gaba ɗaya idan ba a dasa ƙafafunta cikin siminti ba. Saboda wannan iska ce bangon gabas yake fin kowane bango cin ruwa, shi ya sa aka yi masa shafen siminti, sauran kuma aka bar su da yaɓe.

An miƙar da ginin daga gabas zuwa yamma, domin gajerun bangaye su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta, tagogi kuma suka kalli kudu da arewa suna duban juna. A gonar akwai gawo biyu da magina suka so sarewa, tsohuwar ta hana. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da ake nemanta. Aka ƙara da dogon-yaro ta yamma, nesa da rufin, don kada inuwarsa ta faɗa kan faifan.

Sannan wuta

Mai sayar da kayan sola yakan fara da tambayar nawa mutum yake da shi. Malamin ya fara da tambayar me zai kunna, na awa nawa. Ga abin da ya rubuta. Ƙwan fitila takwas masu wat 7, awa biyar kowanne, 280. Fanka uku masu wat 50, awa goma, 1,500. Talabijin mai wat 60, awa huɗu, 240. Cajin wayoyi da kwamfuta, 200. Firji, kimanin 1,000 a yinin zafi. Jimla 3,220, a ma'aunin wat a awa. Da yake wani kaso yana salwanta a wayoyi da batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, sai ya ɗaga adadin zuwa 4,200. Ya raba da awa biyar na cikakkiyar rana, ya sami wat 840. Faifai uku masu wat 300 sun isa a takarda. Ya sayi huɗu.

Dalilin na huɗun shi ne abubuwa uku da ke cin ƙarfin faifai a wannan yanki. Na farko zafi. Mutane suna zaton gwargwadon ƙunar rana gwargwadon wuta, alhali haske faifan yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Faifan da ya kai digiri 65 da tsakar ranar bazara ya yi asarar wajen kashi 15 cikin 100. Na biyu ƙura. Da hunturu hazo yakan rufe sama, ƙura kuma ta kwanta a kan gilashin, sai an riƙa sharewa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Wannan aiki aka ɗora wa babban ɗan gidan. Na uku gizagizan Agusta, sa'ad da akan yi kwana biyu rana ba ta fito sosai ba. An kafa faifan suna kallon kudu, da ɗan jirkice na wajen digiri 15, wanda ya dace da matsayin garin, yake kuma barin ruwan sama ya wanke su ya gangara.

Batir shi ne zuciyar al'amarin, shi ne kuma inda aka fi yin asara. Batirin mota bai dace ba, domin an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci. Batirin sola na darma mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, amma rabin wannan kaɗai ake taɓawa. Wanda ya saba tatse shi ƙarƙaf zai binne shi da wuri. Zafi ma maƙiyinsa ne, domin duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu. Batirin litiyam yana jure a sha kashi 80 cikin 100 ko fiye, yana kuma daɗewa sosai, amma kuɗinsa na farko ya fi nauyi. Malamin ya fara da na darma guda biyu, waɗanda rabinsu ya ba shi 2,400, abin da ya ɗan haura buƙatar darensa. Ya gina musu ɗan ɗaki a gefen arewa, mai iska, ba a ɗakin kwana ba, saboda irin wannan batir yana iya fitar da iska mai kama wuta yayin caji. Ya sa an binne sandar ƙarfe an haɗa ta da kayan saboda tsawa, ya kuma ƙi yarda da siririyar waya tsakanin batir da inbata, domin a nan gobara take farawa.

Daga nan sai dokokin gida. Dutsen guga na lantarki yana jan wat 1,000 ko fiye, don haka aka koma na gawayi. Duk aiki mai nauyi, kamar tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama, da rana tsaka ake yinsa, wuta na zuwa kai tsaye daga faifai. Ruwan da aka ɗaga sama ajiya ce da ba ta buƙatar batir. Firjin da aka saya mai buɗewa ta sama ne, wanda sanyinsa ba ya zubewa idan an ɗaga murfi, an kuma jera gorunan ruwa a cikinsa su riƙe sanyi da dare. Yana da layinsa shi kaɗai. Idan batir ya yi ƙasa, talabijin ake fara kashewa, sannan fanka. Firji ba a taɓa shi. Yaran sun san dalili, ba a taɓa yin gardama a kai ba.

Sauran kayan lambu kuwa ba su shiga firjin. Tsohuwar ta sa an kawo mata randa biyu, ƙarama cikin babba, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a sama. Dabarar ce wadda malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki sosai da rani, lokacin da iska ta bushe, tana raguwa da damina. Girki kuma da gas ake yi, wanda matatar SORAZ da aka buɗe a arewacin garin a 2011 take samarwa, da tukunya biyu domin idan ɗaya ta ƙare kada a tsaya, da murhun itace mai tattali a gefe saboda ranar da aka rasa.

Akwai abu ɗaya da malamin yake nanata wa duk wanda ya tambaye shi. Kuɗin wuta bai mutu ba don an daina kawo takarda. Batir zai tsufa, inbata za ta ƙone wata rana, famfo zai buƙaci gyara. Saboda haka a ƙarshen kowane wata yana cire daidai abin da yake biya a da a cikin gari, ya ba mai ɗakinsa ta ajiye, ba a taɓawa ko da Salla ta matso. Gidajen da aka gani da faifai a sama da duhu a ciki, akasarinsu ba rana ce ta gaza musu ba. Ranar da batir ya mutu ce ta same su hannu wofi.

Hanya da maƙwabta

Abin da ya rage ba a sayensa a kanti. Kafin ya tare, malamin ya zagaya filin da wayarsa ya tabbatar da inda layi yake kamawa. Ya auna tafiyar babur daga ƙofar gida zuwa asibiti mafi kusa, da rani da kuma bayan ruwa, domin gidan da ke da tsohuwa mai ciwon suga da yara ƙanana, a ƙasar kunama da zazzaɓin cizon sauro, dole ya san wa zai buga wa ƙofa da ƙarfe biyun dare. Ya sami mutum biyu a ƙauyen masu abin hawa, ya riƙe lambobinsu.

Faifan sola kaya ne mai ɗaukar ido, kuma katanga ba ta tsare shi kamar yadda maƙwabci yake tsarewa. Tun makon farko ya sa aka fitar da soket biyu a zaure, duk mai son cajin waya da rana ya zo ya yi kyauta, a lokacin da batir ya riga ya cika wutar tana zuba a banza. Yana zuwa salla a masallacin ƙauyen, yana halartar suna da jana'iza, yaran ƙauyen masu shirin jarrabawa kuma suna zuwa karatu ƙarƙashin fitilar zauren. Mutanen da ya zo ya tarar sun fi shi sanin zaman wurin, daga lokacin yaɓe har zuwa inda macizai suke fitowa, kuma bai ji nauyin tambayarsu ba.

Akwai kuma farashin da bai shiga kowane lissafi ba. Babbar ƴarsa tana ajin ƙarshe na sakandare, tafiyar kullum ta yi mata yawa, sai aka bar ta a gidan gwaggonta a cikin gari, tana zuwa ranar Juma'a da yamma ta koma Lahadi. Mai ɗakinsa ta bar maƙwabtan shekara ashirin da adashinta da ƴar sana'ar da take yi a ƙofar gida. Sai da ta ɗauki lokaci kafin ta kafa wata. Shi kansa man babur yana cin wani abu daga abin da ya tsira na haya. Waɗannan abubuwa sun zauna sun faɗe su tun kafin a aza tubalin farko, kowa ya san abin da zai bari.

Gari yana matsowa. Filayen da ke tsakaninsu da kwalta an fara yanka su, kuma ba mamaki wata rana turakun wuta su iso ƙofar gidan. Malamin ya ce idan sun zo zai ja layin, domin dutsen guga da injin niƙan mai ɗakinsa. Tankin ruwa da faifan da layin firjin tsohuwa kuwa za su zauna yadda suke.